Ma'aikatan jinya da na'ura mai ƙwaƙwalwa: babban karatu da hanyoyin aiki

A kowane gidan likita, tun daga babban asibitin ƙasa na Yamai har zuwa ƙaramar likitar ƙauye, aikin jinya kashi biyu ne. Akwai wanda maras lafiya yake gani da idonsa: awon zafin jiki, allura, wankin ciwo, ƙarin ruwa. Akwai kuma wanda ba ya gani, ko kuwa ya gani bai ɗauke shi a bakin kome ba, watau rubutu. Ma'aikacin jinya, wanda mutanen karkara ke kira likita ko majo, yana rubuta sunan wanda ya zo, da shekarunsa, da garinsu, da cutar da aka same shi da ita, da maganin da aka ba shi. Ya rubuta cikin rajista, ya rubuta cikin karnen maras lafiya, in wata ya ƙare ya zauna ya ƙidaya, ya cika rahoto, ya aika gunduma. Da irin wannan rahoto ne ofishin ministan kiwon lafiya yake sanin yawan maganin masassarar cizon sauro da ya kamata a kai Madarunfa kafin damina, da yawan allurar rigakafin da ake bukata a Magariya ko Birnin Ƙonni. In lissafi ya karkace a hannun mai rubutu, magani ma zai karkace a hanya.

Tun da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shiga asibiti, wannan kashi na biyu ya girma har ya zama fannin karatu mai zaman kansa, da digirinsa na biyu da na uku, da jarrabawarsa, da muƙamansa. Ana iya kiransa ilimin sarrafa bayanan jinya. Ya haɗa abu uku: sanin jinya, da sanin kwamfuta, da sanin yadda ake tsara bayani domin a ajiye shi, a nemo shi, a yi aiki da shi. A ƙasar Amurka ya fi kafuwa, saboda haka can ya kamata a duba tukuna kafin a zo ga abin da ya shafi wannan yanki.

Tushen abin kuwa ya girmi kwamfuta da shekaru ɗari. A watan Nuwamba na 1854, Florence Nightingale, wata Baturiyar Ingila, ta isa asibitin sojoji na Scutari a ƙasar Turkiyya tare da mata masu jinya 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Duniya ta fi saninta da zagayen marasa lafiya da fitila cikin dare, amma abin da ya juya tunanin hukumomin ƙasarta lissafi ne. Bayan yaƙin ta tattara adadin sojojin da suka mutu wata-wata, ta zana shi yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai gane, ta nuna cewa waɗanda zawo da kwalara da zazzaɓin ƙazanta suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe nesa ba kusa ba. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta birnin Landan. Daga baya ta yi ta kukan cewa kowane asibiti da irin nasa rubutu, har ba a iya gwada na wannan da na wancan, ta kuma nemi a yi takarda iri ɗaya ga kowa. Wannan kuka nata har gobe bai tsufa ba.

A farkon shekarun 1970 asibitin El Camino na jihar Kalifoniya ya fara aiki da ɗaya daga cikin tsare-tsaren kwamfuta na farko da suka game asibiti ɗungurungum, daga umurnin likita zuwa ɗakin magani. A 1980, wajen wani taron duniya a birnin Tokiyo, wata shugabar ma'aikatan jinya daga Landan, Maureen Scholes, tare da abokin aikinta Barry Barber, suka raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi a Turanci. Jami'ar Maryland da ke Baltimore ta buɗe digiri na biyu na farko a kansa a 1988. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin ƙwarewa ta musamman a 1992, aka yi jarrabawar shaidar ƙwarewa ta farko a 1995.

Dalilin da ya sa sai mai jinya

Mai karatu na iya tambaya: tun da akwai injiniyoyin kwamfuta, mene ne amfanin janye ma'aikacin jinya daga bakin gado a kai shi gaban na'ura? Labarin wata mata ya isa amsa. Sue Kinnick ma'aikaciyar jinya ce a asibitin tsofaffin sojoji na garin Topeka, jihar Kansas. A farkon shekarun 1990, wajen mayar da motar haya, ta ga ma'aikacin kamfanin ya haska wata ƴar na'ura a kan zanen layukan nan baƙaƙe, irin waɗanda ke jikin kwalin kaya a kanti, nan take bayanin motar ya fito. Sai ta tuna da aikinta. Kowane mai jinya an koya masa ya tabbatar da abu biyar kafin ya ba da magani: shin wannan ne maras lafiyar, wannan ne maganin, wannan ne ma'aunin, ta wannan hanya za a ba shi, kuma yanzu ne lokacinsa. A ɗaki mai gado talatin, da ƙarfe uku na dare, bayan awa goma a tsaye, ga sunayen mutane masu kama da juna, ga ƙwayoyi masu kama da juna, ɗayan biyar ɗin nan yakan kuɓuce wa ko da gwani ne. Shawararta ita ce a ɗaura wa kowane maras lafiya munduwar roba mai irin wannan zane, a sa zanen a jikin kowane magani. Mai jinya ya haska munduwa, ya haska magani, in ba su dace da umurnin likita ba na'ura ta tsayar da shi. An gwada a Topeka, kuma wajen shekarar 2000 tsarin ya bazu a asibitocin tsofaffin sojoji na ƙasar. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta sa irin wannan zane a jikin magungunan da ake kai wa asibitoci.

Zanen layukan ya daɗe a kantuna kafin wannan lokaci, injiniyoyi kuma sun san shi sarai. Wadda ta san sa'ar da hannu ke kuskurewa a ɗakin marasa lafiya ita ce ta ga inda za a sa shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya sa ke nan galibin makarantun wannan fanni ba su karɓar ɗalibi sai yana da digirin farko na jinya da lasisin aiki, da yawansu kuma sun fi son wanda ya taɓa yin aiki a bakin gado.

Abubuwa biyu suka buɗe wa fannin kasuwa. A 1999 wata babbar cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto mai tada hankali, inda ta ƙiyasta cewa tsakanin mutum dubu 44 da dubu 98 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce wa. Sa'an nan a 2009, zamanin shugaba Obama, aka kafa dokar da ta ware kuɗi wajen dala miliyan dubu 27 domin ƙarfafa wa asibitoci da likitoci gwiwa su bar takarda su koma kwamfuta. A 2008 asibitocin da ke da irin wannan tsari ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2015 sun haura 8 cikin 10. Kowane asibitin da ya sauya kuwa sai ya nemi wanda zai tsaya tsakanin masu gina na'ura da masu aiki da ita.

Abin da ake koyo

Digiri na biyu yakan ɗauki wajen shekara 2, jami'o'i da yawa kuma suna koyar da shi ta intanet domin ma'aikaci ya ci gaba da aikinsa yana karatu. Ba a nufin ɗalibi ya zama mai rubuta manhaja, ko da yake yakan ɗan taɓa. Ana koya masa yadda ake gina rumbun bayanai da yadda ake yi masa tambaya, da ƙididdiga, da yadda ake bin aikin ɗaki mataki-mataki, daga shigowar maras lafiya zuwa sallamarsa, a zana shi a takarda kafin a sayi kowace irin na'ura, da yadda ake jagorancin aikin sauya tsari, da gwaji, da horas da ma'aikata, da dokokin kare sirrin maras lafiya, waɗanda a Amurka suka samo tushe daga wata doka ta 1996. A ƙarshe ɗalibi yana yin aikin koyo a wani asibiti ko kamfani. Mai son bincike da koyarwa a jami'a sai ya wuce digiri na uku.

Darasi ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wanda na waje ba ya zato: darasin kalmomi. Na'ura ba ta san ma'ana ba, abin da aka rubuta kaɗai take ƙidayawa. In wannan ya rubuta masassara, wancan ya rubuta zazzaɓi, na uku ya rubuta palu, ɗan Adam ya san inda aka dosa, amma na'ura za ta ƙidaya cuta uku. Haka nan in uwa ta ce ɗanta na fama da ciwon ciki, ko shawara, ko tamowa, kalma ɗaya na iya rufe cututtuka da dama waɗanda maganinsu ya sha bamban. Likitoci sun daɗe da jerin sunayen cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, kowace cuta da lambarta. Masu jinya kuwa abin da suke yi ya wuce sunan cuta: juya maras lafiya don kada kwanciya ta ci masa fata, lura da ko yana iya haɗiya, koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari. Aikin da ba shi da suna tsayayye ba ya shiga lissafi, wanda bai shiga lissafi ba kuwa ba a ware masa kuɗi ko ma'aikata. Saboda haka a 1989, wajen taronta na birnin Seoul, Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta yanke shawarar tsara kalmomin aikin jinya na bai ɗaya, aka fitar da zubin farko a 1996. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin daidaita kalmomi, ko na lissafi ne ko na noma, ya san irin gumin da ake sha kafin mutum goma su yarda da kalma guda.

Bayan digiri akwai takardar shaidar ƙwarewa. Cibiyar da ke ba da ita a Amurka tana neman mai digirin farko, da aikin jinya na shekara 2, da awa 30 na ƙarin horo a fannin, da kuma awa 2.000 na aiki a cikinsa cikin shekaru 3 da suka wuce, ko da yake ana rage awoyin ga wanda ya yi babban karatun. Ana sabunta ta duk shekara 5.

Wuraren aiki iri-iri ne. Wasu suna zama a asibiti, suna gyara shafukan da masu jinya ke cikawa, suna horas da sababbin ma'aikata, suna bin diddigin kuskure in ya faru. Wasu suna shiga kamfanonin da ke gina waɗannan tsare-tsare, kamar Epic da Cerner, wanda kamfanin Oracle ya saya a 2022. Wasu suna aikin gwamnati ko koyarwa, manyan asibitoci kuma sun ƙirƙiro muƙamin babban darekta na bayanan jinya, wanda ke zama majalisa ɗaya da shugabannin asibiti. Albashi ya fi na bakin gado: a 2023 matsakaicin albashin ma'aikacin jinya a Amurka ya kai wajen dala dubu 86 a shekara, alhali wani binciken ƙungiyar HIMSS na wannan shekara ya nuna fiye da rabin masu wannan ƙwarewa suna haura dala dubu 100. (Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba, kuma a tuna kuɗin makaranta da na gida a can su ma da irin wannan dala ake biyansu.)

Ba za a ɓoye ba, na'ura ta zo da nata ciwon. Masu jinya a Amurka suna kukan cewa cika shafuka yana cinye musu lokacin da ya kamata su yi da maras lafiya, domin kowane ofishi yana ƙara tasa tambaya, babu mai ragewa. Gargaɗin na'ura ma ya yi yawa: in ta yi ƙara sau ɗari a yini, casa'in da tara ba su da amfani, kunne zai saba, ranar da na gaskiya ya zo sai a kashe shi ba a duba ba. Babban aikin ƙwararrun fannin a yau har da rage abin da aka cusa a baya.

Inda abin ya shafi wannan yanki

A Nijar da maƙwabtanta ba munduwar roba ce a gaba ba tukuna. Abin da ke gaba shi ne rahoton wata da na mako. Akwai wata manhaja mai suna DHIS2, wadda asalinta ya faro a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1990 da haɗin gwiwar jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe; zubinta na yanzu ya fara aiki a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, har da Najeriya. Nijar ta mayar da tattara bayanan kiwon lafiyarta kan wannan manhaja wajen shekarar 2017. Mafi yawan lambobin da ke shiga cikinta kuwa daga hannun masu jinya da ungozomomi na cibiyoyin CSI suke fitowa.

Ciwon sanƙarau ya isa misali. Ga gunduma mai yawan jama'a, ƙa'idar OMS ita ce in an sami mutum 10 cikin dubu 100 sun kamu a mako guda, annoba ta shigo, sai a nemi allurar rigakafi daga rumbun ajiya na duniya, wanda ba ya sakin allura sai an nuna masa lissafi. A 2015 sanƙarau ya kama fiye da mutum dubu 8 a Nijar, ya kashe fiye da 500, jihohin Yamai da Doso suna cikin inda ya fi tsanani. A irin wannan hali, in rahoton cibiyoyi uku ya makara mako biyu, gunduma za ta ga kamar lafiya lau alhali wuta ta riga ta kama. Haka nan tun 2006, da aka mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, cibiya ba ta samun a mayar mata da kuɗin da ta kashe sai ta kawo takardun da suka cika.

Akwai kuma kurakuran da sai wanda ya san wurin zai gane su. Wani lokaci lissafi yakan nuna an yi wa yara rigakafi fiye da kashi ɗari cikin ɗari. Mai zaune a ofis zai ce ƙarya aka yi. Majon da ke bakin iyaka kuwa ya san mata suna tsallakowa daga Katsina ko Daura da ƴaƴansu ranar kasuwa, ya kuma san yawan jama'ar da ake raba lissafin da shi hasashe ne daga ƙidayar da ta daɗe. A wurare da yawa kuma aikin ya zama biyu, a rubuta cikin rajista da rana, a sake shigarwa cikin na'ura da dare, in akwai wuta, in akwai layi. Ga kuma sirri: rajistar masu ɗauke da ƙanjamau ko tarin fuka in ta koma cikin wayar hannu, tana iya fita gari cikin daƙiƙa guda. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, amma doka tana bukatar wanda zai fassara ta zuwa aikin yau da kullum a ɗakin awo.

Ga matashin da ya fito daga makarantar kiwon lafiya ta ENSP a Yamai ko Damagaram yana sha'awar wannan hanya, tsani a bayyane yake: lisansi tukuna, sa'an nan wasu shekaru a bakin gado, sa'an nan masta. A wannan nahiya digirin da aka fi samu shi ne na bayanan kiwon lafiya gaba ɗaya, inda mai jinya ke zama aji ɗaya da likita da mai haɗa magunguna da injiniya. Jami'ar Gana tana koyar da shi, haka Makerere a Yuganda da jami'ar Ruwanda, duka da Ingilishi. Ga masu Faransanci akwai cibiyar ISPED ta jami'ar Bordo. Fannin ba baƙo ba ne a nan kusa, domin taron farko na masana bayanan kiwon lafiya na Afirka an yi shi a Ile-Ife ta Najeriya a 1993, kuma tun 2001 aka fara haɗa likitocin Bamako da na Janeba ta intanet, shirin da daga baya ya kai wasu ƙasashe masu Faransanci. Akwai gajerun horo na DHIS2, da ofishin yanki a Lome, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, amma ba su kai matsayin digiri ba. Kafin mutum ya zuba jikkunansa a kan karatun intanet, ya kamata ya bincika ko ana amincewa da takardar a ƙasarsa, da kuma wajen majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu.

Saura tambayar da ke wuyan hukumomi. Ma'aikacin da aka ba izini ya tafi shekara 2 ya dawo da masta, wace kujera ke jiransa, kuma a wane mataki na aikin gwamnati? In ba a rubuta masa muƙami da albashi cikin dokar ma'aikata ba, ɗayan biyu ne: ko a mayar da shi inda ya baro yana cika rajistar da ya koyo gyarawa, ko wata ƙungiyar waje ta ɗauke shi da ninkin albashinsa, ta sa shi tattara lissafin shirinta ita kaɗai. Kowace gundumar kiwon lafiya tana da mai kula da lissafi da sa ido kan annoba, kowace jaha tana da ofishin ƙididdiga, manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram kuma suna da rubutun da ya fi ƙarfin takarda. Waɗannan kujeru suna nan a yau, kuma duk wanda zai zauna a kansu zai fi jin kukan majon ƙauye in shi ma ya taɓa kwana yana ƙidayar rajista da fitilar hannu.